Warden na Minecraft: Dodon da Ba Ya Gani, Amma Yana Jin Takunka

Kamfanin Mojang ya saka wani dodo mai suna Warden cikin wasan bidiyo na Minecraft a watan Yunin 2022, a sabuntawar 1.19. Tun daga lokacin kuskuren da sabbin 'yan wasa ke yi iri ɗaya ne: su ɗauka shi ma abokin dambe ne kamar manyan dodannin wasan, Wither ko Ender Dragon, su zare takobi su tunkare shi. Lissafin bai goyi bayan haka ba. Kai ranka 20 ne, wato zuciya 10. Shi nasa 500 ne, zuciya 250. Naushinsa ɗaya yana cin 16 a matakin Easy, 30 a Normal, 45 a Hard. In ba ka da sulke, a Normal bugu ɗaya ya gama da kai, in kuwa kana sanye da cikakken sulken netherite, wanda ya fi kowane sulke ƙarfi a wasan, sai ya ƙara na biyu. Garkuwa ma in ya doke ta takan daina aiki na daƙiƙa 5. Wuta ba ta cin sa, narkakken dutse ba ya ƙona shi, ruwa ba ya shaƙe shi, bugunka ba ya tura shi baya. In ka wahala ka kashe shi, ladan da za ka samu wani bulo mai suna sculk catalyst guda ɗaya ne da makin gogewa 5. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa ba don a kashe shi aka yi shi ba. An yi shi ne don hukunta mai hayaniya.

Gidansa Deep Dark, can ƙasan duwatsu, inda wani baƙin abu mai ɗigon shuɗi da ake kira sculk ya lulluɓe ƙasa. A nan ake samun Ancient City, tsohon birnin da ke wajen zurfin Y -51 a ma'aunin tsayi na wasan. Babu zombi, babu kwarangwal, babu creeper, dodon nan mai fashewa, da ke fitowa a wurin. Shirun nan shi ke ruɗar mutum.

Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne Warden ba ya yawo a wurin kafin ka zo. Kiran sa ake yi, kuma kai ne mai kiran. Bulo biyu ne ke wannan aiki. Na farko sculk sensor, mai 'yan tsirrai a kansa suna kaɗawa, yana jin duk motsin da aka yi cikin tazarar bulo 8: taku, tsalle, fasa bulo, ajiye bulo, buɗe akwati, cin abinci. Shi kansa ba ya cutarwa, ɗan rahoto ne kawai. Wanda yake kai wa rahoton shi ne sculk shrieker, mai ƙahoni huɗu masu launin ƙashi, wanda zan riƙa kira mai kururuwa. Idan sensor ya ji motsin ɗan wasa kuma akwai mai kururuwa cikin bulo 8 daga gare shi, sai mai kururuwar ya kwarma ihu, duhu ya rufe maka ido.

Ihu uku na farko gargaɗi ne. Na huɗu shi ke fito da dodo daga ƙasa. Inda mutane suka fi faɗawa shi ne zaton cewa kowane mai kururuwa da nasa lissafin. A'a, lissafin a kanka yake. Ka tayar da ɗaya a nan, ka tayar da wani a can gefen birni, biyu ke nan a littafinka. Kuma ba ya gogewa da wuri: sai an yi minti 10 ba ka tayar da ko ɗaya ba kafin a rage maka guda. In kun shiga ku biyu ko uku kuna kusa da juna, kuskuren mutum ɗaya kan hau kan sauran. Saboda haka in ka ji ihu na biyu, hankali shi ne ka fita daga yankin ka je ka yi wani aiki na minti 20, ka dawo da farin littafi. Mutane ba sa son jin wannan shawara don tana cin lokaci, amma ta fi kowace dabara aiki.

Kayan shiga ba su da tsada. Ulu ne kan gaba, aƙalla tari biyu na 64, uku ya fi. Sai fartanya, domin ita ce ta fi saurin fasa duk dangin sculk, ba diga ba. Sai curin ƙanƙara ko ƙwai kamar 16, da gado, da abinci, da Totem of Undying, ɗan gunkin da ke ceton ranka sau ɗaya, a hannun hagu in kana da shi. Ka kafa gadonka, inda za ka farfaɗo in ka mutu, a wajen yankin sculk, ka ajiye duk abin da kake jin zafin rasawa a akwati kusa da shi. Kafin ka sauka ka kunna rubutun sauti a saituna. Zai riƙa rubuta maka abin da ke ƙara da ɓangaren da take fitowa, kuma a cikin duhu wannan ya fi ido amfani.

Ulu yana da halaye biyu, kada ka haɗa su. Na ɗaya, ba ya yin motsi: ka taka shi, ka ajiye shi, ka fasa shi, sensor ba zai ji ba. Na biyu, yana tare motsi: in bulon ulu ya shiga tsakaninka da sensor, saƙon ba zai isa ba. Kafet yana da hali na farko kawai. Za ka iya tafiya a kansa shiru, amma ba ya tare komai, don haka lulluɓe sensor da kafet ɓata lokaci ne.

Ga yadda ake share wuri. Ka riƙe maɓallin sanɗa, kada ka sake shi, domin takun mai sanɗa ba ya jiyuwa. Ka tsaya ka gano inda sensor yake da inda mai kururuwa yake. Ka fara da rufe sensor da ulu ta ɓangarorin da ke buɗe har da samansa. Sai ka matsa ka fasa mai kururuwa da fartanya. Tsarin nan yana da dalili: fasa bulo motsi ne, ko kana sanɗa ko ba ka yi, in ka fasa mai kururuwa guda alhali sensor na buɗe, zai kai ƙararka wurin wani mai kururuwa da ba ka gani ba, sau da yawa a bayan bango ko ƙarƙashin dakali. Kada kuma ka taka kan ɗaya daga cikinsu, sanɗa ba ta hana su tashi in ƙafarka ta hau kansu. Idan ihun ya riga ya fara, fasa shi ba ya soke kiran. Akwati ma haka: buɗewa motsi, rufewa motsi. Ka gina masa bangon ulu ta ɓangaren da sensor yake kafin ka taɓa murfin. Da zarar ka fasa duk masu kururuwa na wani yanki, ka yi ta tsalle-tsalle in kana so, babu mai kiran dodo. Mai kururuwar da ɗan wasa ya ɗauko ya dasa da hannunsa kuwa ihu kawai yake yi, ba ya fito da komai.

To in an yi rashin sa'a ya fito fa? Yakan ɗauki kusan daƙiƙa 7 yana fitowa daga ƙasa, a lokacin ba a iya ji masa ciwo, shi ma bai fara farauta ba. Waɗannan daƙiƙun kyauta ce, ka yi amfani da su wajen ba shi tazara, ba wajen tsayawa kallo ba.

Makaho ne. Yana jin motsi cikin bulo 16, yana kuma da hanci. Abin da ke tuƙa shi wani ma'aunin fushi ne da yake ajiye wa kowane mutum ko dabba daban, daga 0 zuwa 150. Kowane motsinka da ya ji yana ƙara 35. A 40 ya fara harzuƙa, a 80 ya yi ruri ya taho. Ka lissafa: motsi biyu 70, na uku ya haye. Fushin yana raguwa da ɗaya a kowace daƙiƙa, saboda haka motsi biyu a jere sun fi haɗari a kan biyu da ke da tazarar rabin minti. Bugun zuciyarsa da kake ji shi ne ma'aunin, yana ƙara sauri yayin da fushin ke hawa. In ka buge shi kuwa, nan take ya wuce 80.

Hancin shi ne dalilin da ya sa daskarewa wuri ɗaya ba ta ceton mutum. In bai ji motsi ba yakan tsaya ya shinshina, ya nufo inda wari yake, kuma in kana cikin bulo 6 daga gare shi shinshinar kanta tana ƙara masa fushi. Shiru da nisa ake haɗawa. Ka yi ta sanɗa kana ja da baya har ka wuce bulo 20, nan ma duhun da yake bazawa ya ƙare.

Curin ƙanƙara yana karkatar da shi, amma da sharaɗi. Ka jefa nesa da kai, zai bi inda ya faɗi, kai kuma fushi 10 kawai zai rubuta maka. In ka sake jefa wani kafin daƙiƙa 5 su cika, ya gane mai jifan, sai ya rubuta 35. Ka ƙirga shida a zuci tsakanin jifa da jifa. Masu firgita su yi ta watsa ƙwai ba ƙaƙƙautawa, da hannunsu suke nuna masa inda suke.

Tsayinsa ya kusa bulo 3, don haka ba ya iya shiga rami mai tsayin bulo 2. Wannan ya sa wasu ke ganin sun sami mafaka. Da a ce naushi kaɗai gare shi, da haka ne. Idan ya fusata kuma ya kasa isa gare ka, sai ya buɗe ƙirji, ya ɗauki kusan daƙiƙa 2 yana tara ƙarfi, ya harbo tsawar sauti. Tana ratsa bango, har da na ulu. Sulke ba ya rage ta, garkuwa ba ta tare ta, sihirin kariya da ke jikin sulke ma bai dame ta ba. Tana cin 10 a Normal, rabin ranka ke nan, 15 a Hard. Tana kaiwa bulo 15 a gefe, 20 a sama ko ƙasa. Wanda ya gina ginshiƙi mai bulo 10 ya hau ya zauna, ya mai da kansa abin harbi ne kawai. In ginshiƙi za ka yi, ka yi shi da ulu, ka wuce 20, kuma ka fara tun bai fusata ba.

Idan ya yi daƙiƙa 60 cikin natsuwa bai ji komai ba, sai ya tona ƙasa ya koma. Amma littafinka na gargaɗi bai goge ba. Yana nan a huɗu, ihu ɗaya ya ishe shi dawowa.

Ladan wannan wahala yana cikin akwatunan birnin. Littafin sihirin Swift Sneak a nan kaɗai ake samunsa. Ana saka shi a wandon sulke, kuma a mataki na uku yana ɗaga saurin sanɗa daga kashi 30 zuwa kashi 75 cikin ɗari na tafiyar yau da kullum, wato da ka same shi sauran birnin ya zo da sauƙi. Akwai kuma wani ɓarɓashi mai suna echo shard, wanda guda 8 da kamfas ɗaya ke ba da kamfas mai nuna inda ka mutu na ƙarshe. In Warden ya kashe ka, kada ka rugo da gudu don kwashe kaya. Kayan suna da minti 5 kafin su ɓace muddin kana kusa da yankin, shi kuma minti ɗaya kacal yake buƙata ya koma ƙasa. Ka tsaya daga nesa, ka bar bugun zuciyar ya yanke, sannan ka shiga da sanɗa da ulu a hannu.