Asabar, ranar da muka buɗe adakar Baba

Yau tun da asuba Inna ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, ta ce idan na dawo daga masallaci in zo mu kwashe kayan ɗakin Malam, domin gobe magina za su rushe bangon gabas su sake shi. Daminar bana ta jiƙa shi har ya tsage daga sama zuwa gindi. Mu mutanen ƙasar Ringim mun san abin da ruwa yake yi wa ginin ƙasa, tun ambaliyar 2022 duk wanda ya ga tsaga a bangonsa ba ya jiran wata damina. Shekara shida ke nan da rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, kuma ɗakin nan ba a buɗe shi sai in za a share.

Ni da ƙanwata muka fitar da gado da buzu da tsohuwar rediyonsa. A ƙarƙashin gadon muka tarar da adakar ƙarfe, baƙa, irin wadda ake kai wa makarantar kwana a da. Na san da ita tun ina yaro, amma ban taɓa ganin cikinta ba. Inna ta shiga ɗakinta ta lalubo mukulli a cikin kwalla, ta miƙo mini ta ce, "Takardun aikin Malam ne. Ya ce kada a taɓa masa, ni ma ban taɓa ba."

Baba akawu ne mai buga tafireta. Kusan shekara talatin ya yi yana wannan aiki a Kano, a makarantar da yau ake kira Jami'ar Bayero, kafin ya yi ritaya ya dawo gida ya kama noma. Iyakar abin da na sani ke nan. Mutum ne mai ƙarancin magana, mu kuma ba mu tashi da al'adar tsare uba da tambaya ba.

Da murfin ya ɗaga sai warin laima ya buge mu, gabana ya faɗi. Tsatsa ta huda adakar ta ƙasa a kusurwa ɗaya, gara ta bi ta nan ta shiga ta yi gininta. Abin da yake can ƙasa, wajen kashi ɗaya cikin uku, ya zama ƙasa, in ka ɗiba sai ya zube ta tsakanin yatsunka. Na ga gefen wani littafin rubutu mai jan bango, na jawo shi a hankali, sai bangon kawai ya biyo hannuna. Me ya rubuta a ciki, Allah kaɗai ya sani. Na daɗe a tsugune riƙe da bangon nan. Da mun ɗora adakar a kan bulo huɗu tun shekarar da ya rasu, da ba haka ba.

Muka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Inna ta ce a baza su a rana su sha iska, ƙanwata kuma ta tafi ɗauko salatef don ta liƙe waɗanda suka yage. Kafin a yi ko ɗaya na kira wani abokina da ya karanci aikin laburare, na gaya masa halin da muke ciki. Ya ce in rufa masa asiri kada rana ta taɓa su, domin tsohuwar takarda in ta sha rana ƙonewa take yi ta karye kamar busasshen ganye, hoto kuma ya dushe. A shanya a inuwa, ɗaya-ɗaya. Salatef kuwa ya ce shi ne babban maƙiyin takarda: bayan 'yan shekaru gam ɗinsa ya ratsa ta ya bar tabo ruwan ƙasa, ledar ta ɓalle ta tafi da rubutu. Haka lamineshan, wanda mutanenmu suke ɗauka gata ne, in an yi shi an yi ke nan, zafi da gam sun shiga takardar, babu mai iya cire ta. Ya ce in zare duk fil da kilif da suka yi tsatsa, in kuma na ga hotuna sun manne da juna kada in ɓanɓare su da ƙarfi. In zan yi rubutu a bayan hoto, da fensir, ba biro ba.

Haka muka wuni. Abin da ya fara tsayar da ni shi ne kan takardun. Na jera uku a tabarma, sai ga tarihin makarantar ya fito da kansa. Ta farko tana ɗauke da sunan Kwalejin Abdullahi Bayero, a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ta biyu ta zamanin da aka ɗaga ta zuwa kwalejin jami'a ce, a 1975. Ta uku ita ce mai sunan da muka sani, wanda ta samu a 1977 da ta zama cikakkiyar jami'a. Ƙanwata tana aji uku a jami'ar Kafin Hausa, amma ba ta taɓa jin cewa Bayero reshen Zariya ce a da ba. Na ba ta abin da na sani: asalinta 1960 ne, a cikin Makarantar Nazarin Larabci ta Kano, da sunan Kwalejin Ahmadu Bello. Da aka kafa jami'ar Zariya a 1962 aka ba ta sunan Sardauna, sai aka sake wa ta Kano suna da na Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. Na karanta wannan a littafi tun tuni, amma karanta shi daban, riƙe takardar da mahaifinka ya sa a tafireta da hannunsa daban.

Yawancinsu kwafin kabon ne, a kan takarda shara-shara kamar ɓawon albasa. A ƙasan kowace wasiƙa akwai haruffa biyu ƙanana, farkon sunan Baba, alamar shi ya buga. Ban san haka akawuna suke yi ba sai yau. Akwai jadawalin jarrabawa da aka buga da sitansil, tawadar ta ɗan watsu. Akwai sanarwar hutun salla, da takardar neman izinin zuwa gida lokacin girbi. Takardun albashinsa na farko da fam da sule aka rubuta, sannan daga 1973 suka koma naira da kwabo. Babu wani sirri a ciki, babu abin da babban mutum zai ce a adana. To amma da irin waɗannan makaranta take tafiya kullum, kuma wanda zai rubuta tarihinta nan gaba da su zai san ƙarfe nawa ake shiga aji, wa yake buɗe ofis, nawa ake biyan wanda ya buɗe.

Hotunan suna cikin wata ambulan ɗin kaki da aka naɗe a tsohon rawani, shi ya sa gara ba ta kai gare su ba. Talatin da huɗu na ƙirga, duk baƙi da fari sai biyar. Shida sun manne da juna, na bar su yadda suke. A mafi yawa Baba ne kaɗai na gane. Ga shi saurayi, siriri, da hula zanna ya karkata ta, zaune gaban tafireta. Ga wani na jama'a, layi uku: na gaba a kujeru, akwai Turawa biyu da wani mai kama da mutanen Sudan, na baya a tsaye. Na juya bayansa, babu ko harafi. Haka na biyu, haka na goma. Uku kaɗai Baba ya rubuta wa wani abu, su ma shekara ce kawai.

Bayan azahar na ɗauki ambulan ɗin na nufi gidan Baffa, ƙanin Baba. Shi ma ya yi aiki a can, direba ne, Baba ne ya kai shi. Yanzu ya haura tamanin, idonsa ɗaya ya yi yana. Na same shi a zaure, na durƙusa.

"Baffa, barka da hutawa. Ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya, ɗan nan. Me ka riƙo haka kamar mai kai sammaci?"

Na miƙa masa hoton jama'ar. Ya kai shi dab da idonsa mai lafiya, ya karkata wajen hasken ƙofa, ya yi shiru har na ɗauka bai gani ba. Can sai ya ce, "Allahu akbar. Duk sun tafi." Ya ɗora yatsa ya fara kiran suna. Na ce ya dakata, na ciro fensir da littafi, na zana da'irori layi uku daidai yadda mutanen suke, na sa wa kowace lamba. Na kunna rikoda a waya bayan na nemi izininsa.

Wannan masinja ne, mutumin Gumel, da keke yake kai wasiƙa har cikin birni. Wannan shi ne mai dafa wa ɗalibai abinci. Wannan malamin Larabci ne, ba ya shiga mota sai ya tambayi lafiyar iyalin direba. Wani ya tuna laƙabinsa ya manta sunan yanka, wani garinsu kawai ya tuna. Cikin mutum ashirin da uku ya kawo sunan goma sha huɗu. Turawan nan biyu ya ce shi dai da "Dokta" yake kiransu.

Daga nan labari ya ɓalle. Ya ce shi bai riski zaman da kwalejin ta yi a tsohon otal ɗin filin jirgin sama ba, inda ta koma a 1964, amma ya tarar da waɗanda suka yi aiki a can, kuma su suka ba shi labarin yadda aka taso zuwa wajen Kabuga a lokacin yaƙin basasa. Ya ce sa'ad da ya fara aiki, in ka wuce Kabuga ta hanyar Gwarzo gonaki ne hagu da dama, inda sabon mazaunin jami'ar yake yanzu dawa da gero ake nomawa. Ya yi maganar zamanin Dokta Mahmud Tukur, shugaban jami'ar na farko, kamar jiya aka yi. Fiye da awa ɗaya yana magana, har aka kira la'asar. Shekara nawa ina gaishe da tsohon nan safe da yamma, ban taɓa zama na ce ya ba ni labarin aikinsa ba.

A hanyar dawowa nake ta tunani. Na taɓa zuwa Gidan Arewa a Kaduna, gidan Sardauna da Farfesa Abdullahi Smith ya mai da shi cibiyar adana tarihi a 1970, na ga yadda ake killace takardu. Na shiga Gidan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, wanda yake hannun Jami'ar Bayero. Takardun manya suna da inda za su. Amma masinja da kuku da direba da akawu, in sun yi ritaya ƙauyukansu suke komawa, kowa da adakarsa: Gumel, Kazaure, Ɗambatta, Birnin Kudu, Rano. Ina da yaƙinin wani yanki mai girma na tarihin jami'o'inmu yana ƙarƙashin gadaje a irin ɗakin Baba, kuma duk damina gara tana rage shi. Na ce wa ƙanwata su nasu da sauƙi: jami'ar Dutse 2011 aka kafa ta, tasu ta Kafin Hausa 2013, waɗanda suka share filin da waɗanda suka fara buɗe ofis suna nan da ransu. Ta ce hotunansu duk a waya suke. Na tambaye ta ina hotunan wayarta ta farko, wadda ta faɗa rijiya. Ta yi shiru.

Da magariba Inna ta zauna kusa da ni tana kallon takardun. Ta ce akwai wani buhu da yake bayan ƙofa, shi ba a adaka yake ba, bara maƙwabciyarmu mai ƙosai ta roƙi takardar naɗi, ta ɗebar mata har ya ƙare. "Ban san suna da amfani ba, na ga Malam bai kulle su ba." Muryarta ta yi rauni. Na ce, "Inna, ba komai, ai ke kika riƙe mukullin nan shekara shida." Ba ta yi boko ba, mu da muka yi ba mu taɓa tambayarta me ke cikin buhun ba.

Ita ce ma ta tuna mini da Alƙur'anin kakanmu, rubutun hannu, wanda yake rataye a ɗakinta. Ta sauko da shi muka buɗe gafakar, muka kwance tadarishin. Ya girmi duk takardun Baba nesa ba kusa ba, amma ko warƙa ɗaya ba ta lalace ba. An rataye shi sama da ƙasa, fata ta kare shi daga laima, kuma duk azumi ana buɗe shi ana karantawa, iska tana shiga. Duk abin da abokina ya faɗa mini a waya da safe, ga shi a ɗakin Inna tun kafin a haife ni.

Kafin haske ya ɗauke na samu na ɗauki hotuna goma sha tara da waya, gaba da baya, a inuwa, ba filasha. Sauran sai gobe in na kai caji shagon sola. Takardun da suka bushe mun jera su a kwali, farar takarda tsakanin kowace da 'yar'uwarta, Inna ta barbaɗa busasshen ganyen darbejiya a gefe, muka ɗora kwalin a saman kabad. Abokina ya ce zai tambaya mini wanda ya kamata in gani a ɗakin karatun jami'ar. Mun yi shawara da Inna: za mu ba su kwafin komai, asalin kuma sai mun zauna da sauran 'yan'uwa.

Bayan isha'i jikan Baffa ya yi sallama. Ya ce Baffa ya aiko shi, wai mai lamba goma sha bakwai, na biyu daga dama a layin baya, ya tuno shi: mai gadin ƙofa ne, mutumin Taura, kuma yana jin ƙaninsa yana raye, shi ma ya yi aiki a can. Na haska fitila na rubuta a da'irarsa. Saura takwas. Taura ba nisa, Litinin in Allah ya kai mu zan ari babur ɗin Yaya.