Kayen da ke gefen kekena

Daren ƙaramar salla ta 2022 ne, wajen ƙarfe 11. Shagona yana Zango, ba nisa da Kasuwar Dole, kuma a irin wannan dare duk telan da ke Damagaram idonsa ja ne. Mutane na zaune a benci suna jiran kayansu, yarana biyu ɗaya na guga ɗaya na saka maɓalli, sai ga wani dattijo ya shigo riƙe da hannun jikansa. Tun farkon azumi ya kawo yadi, ya biya kuɗin ɗinki duka, ya kuma gaya mini yaron maraya ne. Na duba cikin kayan da aka gama, babu. Na duba waɗanda aka yanka, babu. Can ƙarƙashin tebur na tarar da yadin a ledarsa, ko almakashi bai taɓa shi ba, kwalin da na rubuta awon yaron a kai kuma ya ɓace.

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, da ka ce mini ba za ka iya ba, da na kai wani wuri. Sau uku ina zuwa kana ce mini gobe." Na ce, "Baba, ka yi mini afuwa, ka ba ni zuwa asuba." Na sake auna yaron, na kwana a kan keke, ya sa rigarsa ya tafi idi. Amma na ga fuskarsa lokacin da aka zaro yadin nan daga leda, kuma har yau tana zo mini.

Shekara 17 ke nan ina ɗinki a lokacin. Awo kuwa ina rubuta shi duk inda hannuna ya kai: bayan kwalin shayi, jikin bango, gefen yadi da alli. Sauran duk a ka nake riƙewa, wa ya biya, wa ya rage, wa na yi wa alkawarin Talata. Kwana uku bayan salla na sayi kaye, wato littafin rubutu, mai shafi 200 irin na ƴan lakol, da bik biyu, shuɗi da ja.

Farko na ɓata shi da tsari. Na ja layuka gida-gida har tara a kowane shafi, kamar takardar ofis. Mutum na tsaye yana jira, ni ina neman gidan da zan saka kalar zare. Mako biyu na ajiye shi. Da na koma kansa sai na rage komai. Shafin dama na aiki ne: kwanan wata, suna, unguwa, lambar salula, awo, abin da aka ba da kafin alƙalami, abin da ya rage, da ranar karɓa da jan bik. Sai in yanki ɗan ƙyalle daga yadin, kamar faɗin ɗan yatsa, in ɗinke shi a gefen sunan. Wannan ƙyallen ya kashe rikici mai yawa, don a cikin azumi farar shadda takan kai ashirin a shago ɗaya, kowacce mai ita yana rantsuwa ya san tasa. Shafin hagu kuma na yini ne: me na gama yau, me ya shiga, me ya fita na zare, gawayin guga da abincin yara.

Shafin hagun nan ne ya fara gaya mini abin da ban so ji ba. A raina ni mai ɗinka kaftani shida ne a yini, kuma da wannan lissafin nake karɓar aiki. Bayan wata uku na zauna na ƙirga. Uku nake gamawa, huɗu in wuta ta zauna kuma babu surfani. Ranar Alhamis, ranar babbar kasuwa, da ƙyar nake gama biyu, domin mutanen ƙauye na shigowa, ana gaisawa, ana awo, ana ciniki. Lokacin zafi kuma akwai safiyar da takan tafi a neman ruwan gida, abin da duk mazaunin garin nan ya sani. Shida da nake tunawa gaskiya ne, na taɓa yi, amma a ranaku ƴan kaɗan ne, waɗanda kai ya riƙe ya watsar da sauran. Ashe duk "gobe" da nake gaya wa mutane daga nan take fitowa. Ban yi niyyar ƙarya ba, amma wanda ya yi ta zirga-zirga a kabu-kabu daga Birni ko Karkada, niyyata ba ta mayar masa da kuɗin mai.

Da azumin 2023 ya zo, na ƙirga kwanakin aiki, na ninka da uku, na cire kwana huɗu saboda abin da ka iya faruwa. Ranar 12 ga azumi shafukan suka cika, na daina karɓa. Wannan shi ne abu mafi wuya da na yi a sana'ar nan. Wani Alhaji da ya daɗe yana kawo mini aiki ya zo da gezna kala biyar, na buɗe masa kayen na ce, "Alhaji, ka duba da idonka. In na karɓi naka, ɗaya daga cikin mutanen nan ba zai sa kaya ba." Ya ce, "Malam, yanzu takarda ce za ta shiga tsakaninmu?" Ya kwashe kayansa. Bai dawo ba sai bayan babbar salla, kuma kuɗin da na rasa ba kaɗan ba ne. A daren sallar nan ƙarfe 9 na rufe shago.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, aka katse wutar da ke zuwa daga Nijeriya. Zare, maɓalli da shaddar da muke samu daga Kantin Kwari na Kano suka yi wuya, farashi na sauyawa kusan kowane mako. Na fito da tsohon keken ƙafa. A lokacin ne na ga wani amfanin kayen: in na ce wa Hajiya kuɗin ɗinki ya ƙaru, ba da baki kawai nake faɗa ba, ina nuna mata abin da na sayi zare a watan Yuni da abin da na saya yau.

Yarona babba yakan ce, "Maigida, ai duk wannan salula za ta yi shi." Na gwada. In na ɗauko ta don duba awo, sai in tarar da saƙo a WhatsApp, kafin in farga minti goma sun wuce ban duba awon ba. Kaye ba ya neman caji, kuma mai kaya yana ganin hannuna na rubuta ranar da muka tsayar. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi zuwa ajalinsa. Na karanta ta tun ina yaro, amma ban taɓa kawo wa raina cewa yadin mutum a ƙarƙashin teburina da kuɗinsa a aljihuna suna kama da abin da take magana a kai ba.

Akwai kuma bayan kayen, wanda ba na nuna wa kowa. Ina juya shi in fara daga shafin ƙarshe, bayan sallar isha'i, layi uku ko huɗu da ajami. Aiki da boko nake rubuta shi, amma wannan hannuna da kansa yake komawa rubutun makarantar allo. Ba wani abu ba ne babba: yau na yi wa yaro tsawa a gaban mutane, yau hankalina bai tsaya a la'asar ba, yau wata mata ta yi mini addu'a har na ji sanyi. Lokacin da nake rubutawa keke ya yi shiru, kaina ma yakan yi shiru, in kwanta ba tare da ina juya lissafi ba. Da na koma na karanta na wata biyu a jere, sai na lura duk ranar da na rubuta tsawa, in na duba gaba, akwai jan bik da ya wuce ranarsa. Fushin nawa ne da kaina, yaron kawai yake sauka a kai. Na kira shi na ba shi haƙuri. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Maigida," amma daga ranar ya fara gaya mini in ya yi kuskuren yanka, maimakon ya ɓoye.

A nan ne kuma na ga "gobe zan je Mirriya" sau bakwai. Yayar mahaifiyata ce a can, ita ta goya ni, tafiyar kuma ba ta kai kilomita 20 ba. Wata biyar ina rubuta gobe. Na sa mata rana da jan bik a shafin dama, tsakanin kaftani da wando, na je. Yanzu kowane wata tana da layinta.

Ba kullum nake rubutawa ba. Akwai makon da zazzaɓi ya kwantar da ni, shafukan suka zauna fari, na bar su haka na ci gaba daga inda nake. Damina ɗaya kuma rufin shago ya yi yoyo, ya jiƙa rabin kaye na biyu, shi ya sa tsofaffin suke cikin akwatin ƙarfe yanzu.

Dattijon nan ya dawo da jikansa a azumin da ya biyo baya, tun ranar 2 ga wata, ya kuma ci gaba da zuwa. Ina auna yaron, in buɗe akwatin in duba na bara. Daga kaye na farko zuwa wanda ke gefen kekena yanzu, tsawon rigarsa ya ƙaru da santimita 14.