Daga Wikki zuwa bakin teku, yadda nake kai mutane yawon buɗe ido

Ni sana'ata kai mutane yawon buɗe ido ce, Hiace biyu gare ni da ɗan ofis a wajen Wunti nan cikin Bauchi, sai direbobi biyu da yaro ɗaya mai kula da kaya. Abincinmu na kullum dai Yankari ne, 'yan makaranta, 'yan bautar ƙasa, amarya da ango, mu bi titin Gombe mu karya a Dindima mu shiga ta ƙofar Mainamaji har Wikki, su yi wanka a ruwan ɗumin nan da ba ya sauka daga digiri 31 ko da hunturu, a zaga da su daji ko Allah zai sa a ga giwa, ni kuma ina gefe ina gadin kulolin abinci sabida birai, dan na Wikki ko leda suka gani a hannunka sai sun gwada sa'arsu.

Tafiyar teku kuwa wani dattijo ne ya jawo ta, tsohon malamin firamare, ya zo biyan kuɗin jikokinsa sai ya ce min "Alhaji, shekara talatin ina zana wa yara teku a allo, ni kaina ban taɓa ganinsa ba." Maganar ta tsaya min a rai wallahi. Wata biyu ina kiran direbobin da ke ɗauko manja daga kudu ina tambayar hanya kafin na yarda na ɗauki kuɗin kowa.

Mutum 14 nake ɗauka duk da motar ta 18 ce, sabida tafiyar kwana bakwai ba a yinta a matse. Ana sallame Asuba mu ɗau hanya, Jos, Akwanga, Lafiya, mu haye gadar Binuwai a Makurɗi mu kwana a Gboko, ba na tafiyar dare ko nawa za a ba ni, rayukan mutane ne a wuyana. Washegari Ogoja da Ikom, in da lokaci mu leƙa gangaren ruwan Agbokim. Tun daga ofis nake gaya musu za mu dinga ƙasaru da jam'i, tabarmi da butoci da jarkar ruwa suna bayan mota, kuma takardun mota da na direba kwafi uku nake yi sabida shingayen hanya ba sa ƙirguwa.

Kafin mu isa Kalaba muna tsayawa a gandun dajin Kuros Riba, a 1991 aka kafa shi, shekarar da gwamnatin tarayya ta karɓi Yankari kafin a dawo wa jihar Bauchi da shi a 2006, shi na Kuros Riban kashi biyu ne, Oban da Okwangwo, mu ɓangaren Oban muke shiga ta Akamkpa. Nan aikina ya fi wahala. Mutumin da ya saba da dajinmu yana zaune a mota yana hango gada daga nesa, can kuwa da ƙafa ake shiga bayan ma'aikacin daji, bishiyoyi sun haɗe sama har rana ba ta taɓa ƙasa, ba iska, zufa kamar an watsa maka ruwa, ƙasa laɓe-laɓe da ruɓaɓɓen ganye, kana jin kukan tsuntsu da biri amma ba ka ganinsu. Shi ya sa ba na yi wa kowa alƙawarin dabba, goggon birin da ake ji da shi ma a can ɓangaren Okwangwo yake kuma ko ma'aikatan ba kullum suke cin karo da shi ba. Tafiyar farko rabin mutanena da silifas suka zo, wata Hajiya kwarkwasa suka hau mata ƙafa muka tsaya muna karkaɗewa tana salati, tun daga ranar ba kambas da safa ba shiga mota. Gangaren ruwan Kwa kuma matakala sama da 200 ake sauka, saukar ba komai, hawowar ce magana, dattawa sai na ce Baba zauna a sama za ka hango.

A Kalaba unguwar Bogobiri nake sauke su, 'yan uwanmu Hausawa ne a wajen, ga masallaci ga tsire ga mai shayi, hankalin kowa sai ya kwanta. Sau ɗaya wani otal ya ba wasu mutane ɗakunan da na riga na biya kafin alƙalami, da mata da yara a mota bayan Isha'i, wani mai shago a Bogobiri ne ya taimaka ya nemo mana masauki, har yau in na tuna raina ɓaci yake, yanzu kwana biyu kafin mu iso nake tura yarona ya riƙe makullai a hannu.

Kalaba dai bakin kogi take, in teku kake so na gaske sai ka bi hanyar Itu, wadda ita ce ke cinye min taya da shokozoba, ka wuce Uyo da Eket ka isa Ibeno a Akwa Ibom. A tafiyar farko da muka tsaya kowa ya ruga yana ɗaukar hoto, Malam, dattijon nan, shi kaɗai ya cire takalmi ya naɗe wando ya tako a hankali har igiyar ruwa ta zo ta rufe masa idon sawu ta ja yashin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, ya kama hannuna gam, ya ɗebi ruwan ya ɗanɗana ya ce "Subhanallah, ashe da gaske gishiri ne." Da shi ya yi alwalar La'asar, shi ya ja mu salla a kan yashi.

Tun cire tallafin mai a 2023 riba ta yi ƙasa sosai, sau biyu kawai nake zuwa a shekara, Nuwamba da Janairu, damina can ba a wasa da ita, Disamba kuma bikin Kalaba ya sa kuɗin ɗaki ya ninka. Ta Janairu mai zuwa Malam ya riga ya kama kujera biyu, da mai ɗakinsa zai koma.