Abin da jirgin Ki-48 ya koya mini game da ƙira

A shekarar da nake kammala karatun injiniya, malaminmu ya ba kowane ɗalibi na'ura ɗaya domin ya bi tarihin ƙirarta, ni kuwa rabona ya faɗa kan Kawasaki Ki-48, ƙaramin jirgin jefa bam mai inji biyu na sojan ƙasa na Japan. Na cika takarda da alƙaluma, na rubuta cewa ya fara tashi a 1939, yana ɗaukar mutum huɗu, yana gudun kilomita 480 a awa, sannan na yanke hukunci cewa ƙirar ta yi nasara. Da takardar ta dawo, sai na tarar malam ya zagaye adadin gudun da jan biro, ya rubuta a gefe cewa in faɗa masa wa jirgin yake tsere wa.

Tambayar ta mayar da ni 1937, lokacin da sojojin Japan suka ci karo a sararin China da jirgin Tupolev SB na Tarayyar Sobiyet, wanda saurinsa ya sa jiragen faɗansu suka sha wuya kafin su cim masa. Abin ya tsaya musu a rai, suka nemi kamfanin Kawasaki ya ƙera irinsa, kuma Takeo Doi ne ya jagoranci aikin. A nan na gane cewa duk abin da aka rage a jikin jirgin da gangan aka rage shi: babu sulken kirki, tankunan mai ba su da kariya, bindigogin kare kai uku ne kacal masu bakin milimita 7.7, domin an ɗauka gudu kaɗai zai tsare rayukan mutanen da ke ciki.

Da ya shiga yaƙi a China a 1940, hasashen ya zama kamar gaskiya, saboda jiragen da za su tare shi ba su da yawa, mutanen garuruwan da bama-bamansa suka faɗa wa kuwa ba su da abin kare kansu. Wannan nasarar ce ta ruɗe ni, kuma ina ganin ta ruɗi masu shi ma. Bayan Disamba 1941, lokacin da Japan ta shiga yaƙi da Amurka da Birtaniya, da aka kai shi Burma da New Guinea ya gamu da jiragen faɗa na Amurka da Birtaniya waɗanda suka fi shi gudu, sai ya zama ba shi da madogara. An fito da samfuri na biyu a 1942 da inji mafi ƙarfi da ɗan sulke, gudunsa ya kai kilomita 505, amma abokan gaba sun riga sun yi masa nisa.

Duk da haka an ci gaba da ƙera shi har 1944, aka yi kusan guda 2,000. Sashen da ya fi yi mini nauyin rubutawa shi ne na ƙarshen shekarar, lokacin da aka ɗaura wa waɗansu bam mai kilo 800, aka tura matuƙansu Filifin domin su faɗa da su kan jiragen ruwan Amurka.