Yadda nake haɗa zanen alƙaluma a allon bayanai na Excel

Kafin in saka kowane zane a allon bayanai, wato shafin da ke tattara muhimman zanuka wuri guda, nakan rubuta tambayar da zai amsa. Idan tambayar ita ce yadda ciniki ke hawa da sauka wata-wata, zanen layi nake yi. Idan kwatanta kayayyaki ne ko rassa, zanen sanduna. Zanen da'ira kuwa ban cika taɓa shi ba, don da zarar yanka ya wuce 4 ko 5, ido ba ya iya rarrabe wanne ya fi girma.

Aikin gaske yana ƙarƙashin zanen. Ina ajiye ɗanyen bayani a shafi guda, lissafi a wani, allon kuma a na uku. Ɗanyen bayanin nakan mai da shi tebur da Ctrl+T, ta yadda duk layin da aka ƙara daga baya zai shiga zanen da kansa. Sai in haskaka alƙaluman da nake so, in danna Alt+F1, zane ya fito.

Daga nan sai rage kaya. Ina goge layukan bango, ina cire jerin ma'anar launuka idan abu ɗaya ake nunawa, sannan in ɗora alƙaluma a kan sandunan. Tazarar sanduna nakan rage ta zuwa kusan kashi 50, su yi kauri. Duka toka-toka nake barin su, sai wadda nake so a lura da ita ta samu launi. Ja da kore ba na haɗa su, domin kusan namiji 1 cikin 12 na da matsalar bambance launuka.

Ma'aunin sanduna, wato jerin lambobin da ke gefen zane, dole ya fara daga sifili. In ya fara daga 90, to 100 zai ninka 95 a tsawo, alhali bambancinsu 5 ne kacal. Zanen layi bai da wannan tilas ɗin.

Abubuwan da ke ɓata zane ba su da yawa, amma suna maimaituwa. Idan watanni suka jeru a hargitse, galibi kwanan watan a matsayin rubutu aka shigar da shi. Idan layi ya faɗo ƙasa a watan da bai zo ba tukuna, lissafin ne ke mayar da rubutu marar komai, Excel kuma ya ɗauke shi sifili. Sa NA() a wurin, wato lissafin da ke nuna babu bayani, ke magance shi. Ɓoye layukan lissafi kuma yana sa zanen ya zama fayau, sai an kunna zaɓin nuna bayanan ɓoye. Sanduna na kwance suna juya jeri, na farko ya koma ƙasa, don haka nake juya ma'aunin gefe.

Taken zane nakan ɗaure shi da akwatin lissafi, don ya riƙa canzawa da abin da ke cikin akwatin: in danna taken, in rubuta = a sandar lissafi (wurin rubuta lissafi da ke saman shafi), in zaɓi akwatin. Wajen jerawa ina riƙe Alt yayin jan zane, ya daidaita da layukan shafi. Zane 4 zuwa 6 ke shiga fuskar kwamfuta ba tare da an gangara ƙasa ba, mafi muhimmanci kuma sama ta hagu nake ajiye shi.