Abin da na koya a sashen lissafi kafin in ajiye aiki

Ƙannenmu da suka shigo sashen bana sun sha tambayata wane salon rubuta manhaja ya fi. Tunda na miƙa takardar ajiye aiki, gara in amsa a nan gaba ɗaya. Duk wanda ya zauna da mu ya san ɓangaren da ke lissafa kamashon wakilan POS, ya kuma san mai shugabantarsa, ba sai na kama suna ba.

Ogan namu da Java, wani yaren rubuta manhaja, ya tashi, kuma a wurinsa duk manhajar da ba a gina ta da kilas (zubin da ake fitar da abubuwa daga gare shi) da objek (abin da aka fitar daga zubin) ba, wasan yara ce. Ni ban raina wannan salo ba. Tun daga yaren Simula da Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka fitar a Norway a 1967, manufarsa mai kyau ce: a haɗa bayanai da ayyukan da ke taɓa su wuri ɗaya, a rufe, kada kowa ya shiga sai ta ƙofa. Ya dace da abin da halinsa ke canzawa a hankali, irin asusun mai amfani ko maɓallan da ke kan allo. Amma namu aikin lissafi ne tsantsa: a karɓi cinikin yini, a cire kamasho, a fitar da abin da kowane wakili yake bi. Oga ya sa aka gina kilas ɗin ciniki, aka yi ta fitar masa da 'ya'ya da jikoki ta hanyar gado, wato sababbin kilas masu ɗaukar ayyukan na farkon, kuma kowannensu yana da ikon canza ragowar kuɗin wakili duk lokacin da aka kira shi. Ƙofar da ake taƙama da ita ta zama ƙofar kasuwa.

Na same shi a ofis na ce, "Oga, don Allah a bari in rubuta lissafin nan da salon fankishin." Na yi masa bayani cewa a wannan salo, fankishin, wato guntun shiri mai karɓar abu ya fitar da amsa, idan ka ba shi abu ɗaya, amsa ɗaya zai ba ka kullum, kuma ba ya taɓa komai a wajensa. Ba a goge tsohon adadi a rubuta sabo a kansa, sai dai a fitar da sabo daban. Ba sabon abu ba ne, tushensa ya kai ga yaren Lisp na John McCarthy a 1958. Yaren Erlang da kamfanin Ericsson ya ƙirƙira don na'urorin tarho a kansa yake, kuma da shi aka gina sabar WhatsApp. Ita kanta Java tun 2014 ta shigo da lamda, wato gajeren fankishin marar suna, a fitowarta ta 8, ba ma sai mun canza yare ba. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Kai yaro, nan ba jami'a ba ce. Je ka yi abin da aka sa ka."

Na yi. Da ƙarshen wata ya zo ciniki ya yi yawa, ayyuka biyu da ke gudana lokaci guda suka riƙa karanta ragowar kuɗin wakili ɗaya, kowanne ya ƙara nasa, na biyun ya rubuta a kan na farkon. Kuɗin wasu wakilai ya ragu, suka cika layin ƙorafi da kira. A taron da aka yi, gaban kowa, oga ya buɗe fayil ɗin da sunana yake kai ya ce ga inda ɓarnar take. Bai faɗi wanda ya zana tsarin ba. Kwiri aka ba ni, wato takardar tuhuma.

Ni ne kuma na kwana a kan gyaran. Na mayar da lissafin kamasho fankishin da ba sa taɓa komai, na sa kowane ciniki ya zama layi sabo da ba a gogewa, jimla kuma na bar wa rumbun bayanai ya haɗa ta da SQL, yaren da ake yi wa rumbun tambaya da shi. Gaskiya ita ce, ko a tsohon tsarin, da an sa makulli a kan ragowar kuɗin, yadda aiki ɗaya kawai zai taɓa shi a lokaci guda, da ba a yi asarar ba. Laifin ba na objek ba ne. Laifin na wanda bai taɓa tambayar kansa ba ne: a ina bayanan nan suke canzawa, kuma wa aka ba ikon canza su? Da wannan tambaya nake auna kowane salo yanzu.

Sauran a taƙaice. Salon umarni bi da bi, irin na yaren C da Dennis Ritchie ya rubuta a farkon shekarun 1970, bai tsufa ba, da shi aka rubuta mafi yawan zuciyar Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kuma ƙaramin shirin da zai tura fayil da dare ba ya buƙatar kilas. A SQL faɗin abin da kake so kake yi, injin ya nemo hanya, don haka kada ka jawo layuka dubbai ka tara su da hannu. Python da JavaScript sun yarda ka haɗa salo fiye da ɗaya a shiri guda, ku yi amfani da wannan damar. Idan kuma kun saɓa da na gaba a kan tsari, ku rubuta masa imel bayan maganar baki.

Rahoton gyaran da ya je wa manyan kamfani da sunan oga ya fita. Kwirin yana nan a fayil ɗina, har na ajiye aiki ba wanda ya janye shi.