Na ɗauka sanyin Bradford ne

Mun sauka Bradford, wani gari a Ingila, a watan Oktoba na 2021, ni da maigida da yara biyu. Tun daga ranar sanyi ya shige ni har ɓargo. Hita na aiki, ina cikin riga biyu da safa, yara kuwa suna yawo da singileti. Ga barci kamar kasa, ga gashi yana bin mataji, fata ta bushe kamar tsakiyar hunturu a Kano. Ƙiba ta hau ni ba don na ƙara cin komai ba.

Kowa da fassararsa. Maigida ya ce rashin rana ne. Hajiya a waya ta ce, "Ke dai kewar gida ce, 'yar nan, ki dage da addu'a." Ni ma na yarda, domin duk baƙon da ka tambaya kukansa ɗaya ne: gajiya da sanyi. Haka na kwashe kusan shekara ina zagin garin mutane.

Da bazara ta zo sanyin bai sake ni ba, sai na je wurin likitan unguwa, wanda suke kira GP. Ta sa aka ɗebi jini. Sakamako ya nuna TSH, sinadarin da ke zaburar da tayirod, ya hau sosai, T4 kuma, sinadarin da ita tayirod ɗin ke samarwa, ya yi ƙasa. Ta ce tayirod ce, wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi a gaban wuya, ta yi sanyi da aikinta, shi ya sa ƙwaƙwalwa ke ta aika mata TSH kamar uwa tana tashin yaro sallar asuba. Gwaji na biyu ya nuna garkuwar jikina ce ke farmakinta, ciwon da ake kira Hashimoto. Ni da abin da na sani a wuya maƙoƙo ne kawai, sai gishiri mai aidin.

An fara mini da levothyroxine, maikirogiram 50, ƙwaya ɗaya kullum. Bayan mako takwas aka sake gwaji, TSH bai sauka yadda ake so ba. Laifina ne kuwa: da shayi mai madara nake kora ta, in bi da maganin ƙarin jini. Ashe da ruwa zalla ake sha, ciki ba komai, a jira rabin awa kafin karin kumallo, maganin ƙarin jini kuma sai bayan awa 4. Yanzu ina kan 100. Magani ne na har abada, kuma tunda ciwon yana cikin waɗanda aka yafe wa biya a Ingila, an ba ni katin da ya ɗauke mini kuɗin magani.

Azumi ne ya so ya rikita ni, sai na koma sa ƙararrawa rabin awa kafin sahur. In haɗiye ƙwayata, in ɗora ruwan kunu, kafin ya tafasa lokaci ya yi.

Hajiya har yanzu cewa take addu'arta ce ta ci. Ban taɓa yi mata musu ba.